Talabijin Mai Sa Ƙiba

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona suna cajin waya sun yanke hukunci a kan sana'ata. Sun ce ai ɗaukar kaya ce kawai: a ciro filasma daga kwali, a buga ƙusa a bango, a danna rimot, a kama hanya. Wani cikinsu har ya ce ƙanwarsa da ke aji ɗaya za ta iya, in dai an ɗaga ta sama. Ban yi fushi ba. Mutumin da talabijin ya taɓa ɗauka ya wurga daga cikin shago zuwa kan teburin mai shayi na tsallaken titi, maganar yara ba ta girgiza shi.

A Sakkwato aka yi wannan wurgin, a shagon maigidana Malam Labbo, inda na koyi gyara. Lokacin talabijin duk mai ƙusumbi ne, gilashi a gaba, tulu a baya, mutum biyu ke ɗaukarsa suna nishi. Shi irin wannan ko an cire shi daga wuta yana ajiye tasa wutar a ciki, yana jiran sabon ɗan koyo. Malam Labbo ya gaya mini sau ɗaya. Na biyu talabijin ne ya gaya mini da kansa. Da na farfaɗo na tarar mai shayi yana ƙirga ƙwan da na fasa masa da ƙeya, maigidana kuwa ko kujera bai bari ba, ya ce in na gama hutawa in dawo masa da sukudirebansa.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Mita mai allura, ƙarfen narka dalma, filaya, buroshi na share saƙar gizo-gizo da gawar kyankyasai, sai wani fasasshen madubi da ake jinginawa a gaban gilashi, domin mai gyara yana baya ne, hannunsa cikin hanji, da madubin yake ganin abin da yake yi. Watanni na yi aikina riƙe madubin nan ne. A riƙon madubin na koyi abin da nake ci da shi har yau. Kafin gidan talabijin ya buɗe shirye-shirye da yamma, yakan saki wani zane mai da'ira a tsakiya. Malam Labbo ba ya sallamar kaya sai ya jira wannan da'irar, ya murɗa nan ya murɗa can har ta zauna zagaye sosai. In babu zanen, sai ya jira mota ta wuce a hoto ya dubi taya, ko ƙwallo, ko kwano. Yakan ce kada in taɓa gwada hoto da mutum, don mutum yana iya zuwa a kowane fasali, wani dogo wani gajere, wani kai kamar turmi, kuma duk halittar Allah ce. Amma taya ba ta da uzuri.

Da na dawo Talata Mafara na buɗe nawa shagon, alhazai ne suka fara koya mini cewa hoton waje yana da nasa hali. Wani bawan Allah daga Maradun ya kawo mini bidiyo da kaset ɗin da ya sayo a Makka, ya ce kullum ya sa sai hoton ya fito babu kala, yana ta birgima daga ƙasa zuwa sama, har ya sa an yi wa ɗakin hayaƙi. Na ce masa aljanu ba su da hannu a ciki. Ƙasashe sun rabu biyu ne wajen yadda suke tsara hoto, kaset ɗinsa ɗan wancan ɓangare ne, talabijin ɗinsa kuma abincin gida kaɗai ya sani. Na ba shi wanda ke cin kowane irin tuwo, kala ta dawo. Ya yi godiya, amma ya ce shi dai hayaƙin ma ya taimaka. Ban yi musu ba, tunda mai hayaƙin surukinsa ne.

Sai filasma ta shigo, mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki, wahala ta canza kama. Tsohon gilashi huɗu ne a kwance uku a tsaye. Sabon sha shida ne a kwance tara a tsaye. Fim ɗin Indiya ya fi wannan ma tsawo, hoton waya kuwa kowace waya da nata ra'ayi. To in hoto da gilashi ba su zo daidai ba, abu uku ne kawai: a bar baƙi a gefe, ko a yanke hoton, ko a ja shi kamar ƙirgi har ya cika. Mutanenmu kuma ba sa yafe baƙi. Wani manomi daga Janbako ya ɗauro filasma a bayan babur, a kan wannan hanyar tasu da ke kwance wa mutum haƙori, ya dawo mini da ita. Ya ce shi gona ya saya, ya tarar an bar kunya biyu sama da ƙasa babu shuka, ko in cika masa ko in ba shi zarto ya yanke. Na cika masa. Tun daga ranar jaruman Indiya a gidansa suka koma dogaye kamar tsani, kuma yana jin daɗinsu haka. A wani gidan kallo a Jangebe kuwa na tarar an shekara ana kallon ƙwallo mai siffar ƙwai, 'yan wasa gajeru masu faɗi kamar buhunan shinkafa suna gudu. Da na gyara, 'yan kallo suka ce Turawa sun rame, ko azumi suke yi.

Duk wannan wasa ne. Aikin da nake so in ba ku labari, na shekarar da aka yanke mana sabis ne, aka rufe kasuwanni, hanya ta zama sai da addu'a. Ku samarin benci kun san shekarar, ku ne kuka riƙa hawa mota zuwa wata jiha don ku gaida 'yan mata. Ni a shekarar ko batirin rimot ban cika sayarwa ba. Wanda ba ya iya kai dabbarsa kasuwa ba ya tunanin filasma. Nakan buɗe shago in share, in zauna in kalli kaina a cikin gilasai goma sha, duk a kashe, har na fara gaisawa da su.

Ana cikin haka wata ranar Asabar da hantsi Sahabi ya yi sallama. Ɗan Alhaji Mudi ne, babban mahauci a Bakura, amma shi bai bi wuƙa ba, noman rani yake yi a gonar gidansu ta Bakolori, albasa da shinkafa, da ita yake riƙe matarsa da 'ya'yansa. Muka gaisa, muka tambayi gida, muka tambayi gajiya, muka jajanta hali, muka sake tambayar gida. Sannan ya matso da kujera ya rage murya.

"Malam Isa, talabijin nika so. Wanda ka sa mutum ƙiba."

Na ce masa akwai, amma ya fara gaya mini wa za a ƙibanta.

Ƙanensa ne, Nura, autan gidan, wanda ya tafi Libiya kiwon tumaki a gonar wani Balarabe. Da akan ji muryarsa jefi-jefi. Da sabis ya ɗauke sai shiru. Sai ga wani ɗan garinsu ya dawo ta Agadas, ya kawo memori a ƙulle cikin leda, Nura ya ɗauki kansa da waya yana gaida kowa da sunansa. Gida ya taru, aka sa memorin a na'urar sidi, aka haɗa da tsohon talabijin mai ƙusumbi na ɗakin Alhaji. Abin da ya fito, in ji Sahabi, kara ne aka sa wa riga. Wuya kamar na zalɓe, fuska kamar an matse ta a ƙofa. Mahaifiyarsu Inna Kulu ta kalla sau ɗaya ta shiga ɗaki. Tun ranar ko fura ba ta gama ludayi biyu. Ta ce ɗanta ciwo ke cinsa yana ɓoyewa, murmushin nan na ban kwana ne. Alhaji kuma mutum ne da ya yi rayuwarsa yana kallon dabba ya faɗi namanta tun tana tsaye, ya ce a iya saninsa abin da ya rame haka ba ya kai kaka. Ya yanke shawara: za a sayar da gonar Bakolori, Sahabi ya ɗauki kuɗin ya bi sahara ya ɗauko ƙanensa. Mai saye ma ya samu, ranar Talata za a shafa fatiha.

Na ce ya ba ni memorin. Wannan ita ce doka ta farko ga duk mai son filasma don kallon abin waje: kada ka yarda da hoton da mai shago ya kunna maka, na kifaye masu kala da ruwa yana zuba. Wannan hoton tare aka haife su da filasmar, dole su shirya. Ka zo da naka. Na jawo batir na jona, muka fara gwaji. Ta farko ta ce ba ta san wannan memori ba. Ta biyu ta kawo hoto babu murya, Nura yana ta motsa baki kamar kifi. Ta uku ta kawo duka, amma ita a dole sai ta cika gilashi, ba ta da wurin da za ka ce mata ta bar hoto yadda aka ɗauke shi, irin wannan ko kyauta aka ba ka ka ce kana azumi. Ta huɗu ce ta yi hankali. Tana karanta memori da kanta, tana da zaɓin barin hoto a fasalinsa, tana aiki da batirin sola, kuma in wuta ta ɗauke ta dawo ba ta mance abin da aka gaya mata. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo mai sauri.

Nura ya fito a kanta, da ɗan siririn baƙi sama da ƙasa, don wayarsa ta fi gilashin tsawo. Yana zaune bakin wani ɗakin bulo, ga bango a bayansa, can kuma ya tashi ya kamo rago ya ɗaga yana dariya. Ni ban san shi ba, sai na ga saurayi ne dai marar jiki, amma mutum ne, ba kara ba. Na bayyana wa Sahabi cewa na'urarsu ce ta tura hoto mai faɗi cikin gilashi mai ƙunci, ya matse. Ko a tsohon ana iya gyarawa, sai dai hoton zai koma kamar ɗamara a tsakiya, idon tsohuwa ba zai tsinci komai ba. Na zaci zai yi murna. Sai na ga yana kallon hoton yana cizon leɓe. Ya ce Nura da ya bar gida yana da kumatu, ɗan mahauta ne, da kitse aka yaye shi. Wannan na gaskiyar ma ya ragu. Idan Inna ta ga haka, ba shi da tabbacin za ta saki maganar.

To akwai dabara, kuma duk mai sana'ar nan ya san ta. Ka sa memori a na'urar sidi, ka gaya mata talabijin ɗin tsoho ne, sai ta shirya hoton don gilashi mai ƙunci. Ita kuma filasma ka ce ta shimfiɗa duk abin da aka ba ta. Na nuna masa don ya gani. Nan take Nura ya cika ya batse, wuya ya ɓace, kafaɗu suka kai bango da bango, ragon da ya ɗaga ya zama ɗan dorina. Baƙin sama da ƙasa ya ƙara kauri, amma Sahabi ya ce baƙi ba ya sayar da gona. Ya ce a nan za a bar shi.

Na gaya masa abin da Malam Labbo ya gaya mini, cewa hoton da aka ja yana tona kansa a kan abu mai zagaye. Muka sake kallo tun daga farko muna nema. Babu mota, babu taya, babu kwano. Ya ce to na gani. Mai kaya shi ke da iko da kayansa, na naɗe waya na ɗauki jaka.

Washegari bayan azahar muka isa Bakura, filasma a tsakaninmu kan babur kamar marar lafiya. A ɗakin Alhaji Mudi aka yi aikin. Dattijo ne mai faɗin hannu, irin hannun da in ya gaishe ka sai ka ji yana auna ka. Gaisuwa kaɗai ta isa a dafa shinkafa. Na buga ƙusa, na rataya, na jona batir, na haɗa na'ura yadda muka shirya. Sannan aka aika a kira Inna Kulu. Ta shigo a hankali da mayafi, 'yar tsohuwa ƙarama, ta zauna a tabarma can gefe, ta amsa gaisuwata a gajarce. Sahabi ya durƙusa ya ce mata tsohon talabijin ne ya yi ƙarya, ga sabo an kawo daga Mafara wanda ke faɗin gaskiya. Ba ta dube shi ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa.

Na danna. Nura ya bayyana ya cika bango, ya ce yana gaida Baba, yana gaida Inna. Alhaji ya gyara zama ya yi hamdala. Da aka zo wurin rago sai ya manta da ɗan gaba ɗaya, ya ce a tsayar. Ya ce shi ya yanka dabbobin Azawak, ya yanka na Chadi, bai taɓa ganin rago mai wannan baya ba, ko mi Larabawa ka ba su. Sahabi ya ce ai can dabino ake ba su. Ni na duƙufa ina gyara wata waya da ba ta lalace ba.

Inna Kulu ta kalli hoton har ya ƙare. Ta ce a maido farko. Aka maido. Na lura ba fuskar yaron take kallo ba, idonta yana can sama da kafaɗarsa. Ta tashi ta tako har gaban gilashi, ta ɗora yatsa a kan wani abu da ke rataye a ƙusa jikin bangon bayansa, wanda ni da Sahabi muka ɗauka tabo ne a bulo.

"Mai talabijin," ta ce, "wanga faifai wa yat taka shi?"

Na matso na duba. Faifan kaba ne, ƙarami, na rufe ƙwaryar fura, da zanen ja da baƙi. A hoton ya baje ya yi tsawo a kwance kamar gurjin da aka raba biyu.

Ta ce ita ta ɗinka shi, ta cusa masa a jaka ranar tafiya yana cewa ba ya so, don kada ya riƙa barin abinci a buɗe a ƙasar mutane. Ta ce a wancan tsohon talabijin ta gan shi a tsaye, siriri kamar ganyen mangwaro, ta ɗauka jaka ce ta matse shi, har ta ji haushin yaron. Yau kuma ga shi a kwance. Ta ce ta san faifai yana tsufa, yana zarewa, ɓera yana ci, amma ba ta taɓa jin wanda ke tsayawa ran Laraba ya kwanta ran Lahadi ba.

Alhaji ya dubi rago, ya dubi ɗansa. Sahabi ya dubi tabarma.

"Wancan ya yi mani ƙarya, wanga ma ya yi," in ji ta. "Ni ban san aikinku ba. Amma ka maida mani faifaina yadda nid ɗinka shi. In ya koma daidai, sai in dubi ɗana."

Na kalli Sahabi, don shi ya kawo ni. Gumi yana bin gemunsa. Ya san abin da zai fito, ya san kumatu ba su nan, ya san Talata jibi ce. Ya ɗaga kai ya ce, "Yi mata, Malam Isa."

Kafin in taɓa komai ta leƙa ƙofa ta sa aka ɗauko mata wani faifai daga ɗakinta. Ɗan'uwan wancan ne, ta ce a sati ɗaya ta ɗinka su da kaba ɗaya. Ta riƙe shi a gefen gilashi kamar mai awo a kasuwa. Ni kuma na zare memori daga na'ura na sa a jikin filasma, na shiga inda ake zaɓar fasali. Na bi su ɗaya bayan ɗaya don ta gani da idonta. Wanda ke cika gilashi, ta ce ya ɗan tsaya. Wanda ke zuƙowa, ya yanke faifan ma gaba ɗaya tare da rabin hular yaron, ta ce in maido. Na zo kan wanda ke barin hoto yadda aka ɗauka. Faifai ya zauna a ƙusarsa, zagaye kamar wata daren sha huɗu. Ta dubi na hannunta, ta dubi na bango, ta sake duba na hannunta. Ta ce, "Tsaya nan."

Sai a lokacin ta sauke ido kan Nura. Ta daɗe. Ta ce ya rame.

Alhaji ya taso. Ya ce in sa hoton ya tafi, in tsayar inda ya ce. Abin da na gani bayan nan ban taɓa gani a aikin talabijin ba: mahauci yana duba ɗansa kamar yadda yake duba bijimi a kara. Ya sa na tsayar a wuya. Ya sa na tsayar a damtse lokacin da ya kamo rago. Ya duba farin ido, ya duba yadda ya miƙe daga zaune ba tare da dafa ƙasa ba, ya sa na maimaita wurin ɗaga ragon har na haddace kukansa. Ragon ma yanzu ya koma rago, Alhaji ya yi tsaki ya ce ashe ma bai kai na kasuwar Talata ba. Sannan ya koma ya zauna, ya kakkaɓe hannu.

"Kitse yaz zubar, nama na nan. Wagga ramar aiki ce. Mai ciwo ba ya ɗaga rago da hannu guda yana surutu."

Inna ta ce ita dai ta ga ƙashin wuyansa. Alhaji ya ce ai kowa yana da ƙashin wuya, a gidan nan ne kawai ba a saba ganinsa ba. Ta riƙa juya faifan a hannunta. Can ta ce tunda ya rataye shi a inda yake gani, bai jefar ba, to yana rufe abincinsa, wanda ke rufe abinci kuma yana da abincin rufewa. Ta juya wajen ƙofa ta ce a dama mata fura, kada a cika ruwa.

Alhaji ya ce wa Sahabi ya je ya ba mai sayen gona haƙuri, ya kai masa cinya guda. Game da dorinar da aka nuna masa kuwa, ya ce za su yi magana in baƙo ya tafi. Sahabi ya ce to, Baba, da wata irin murya ta wanda aka ce za a yi wa bulala bayan an fasa yanka shi.

Ina haɗa kayana Alhaji ya nuna baƙin da ya rage sama da ƙasa, ya tambaya ko ba za a cike ɗan wannan ba, tunda an sayi gilashin duka. Ban kai ga buɗe baki ba Inna ta miƙo hannu ta karɓi rimot daga wurina, ta ƙulle shi a gefen zane. Ta ce wanda duk ya taɓa mata faifai ya nemi inda zai ci tuwo. Na ji labari rimot ɗin yana cikin kwallarta har yau, da maɓallin jiki ake kunna filasmar, jikoki suna kallon duniya da baƙi sama da ƙasa, babu mai ɗaukaka ƙara.

Gonar tana nan. Duk kakar albasa Sahabi yakan sauke mini buhu a ƙofar shago, shi ya sa kuke ganin ina kuka da rana tsaka ba tare da an yi mini rasuwa ba. Faifan da ke hannun Inna kuwa, da na zo fita ranar ta miƙo mini, ta ce in riƙe, tunda ga alama masu gyaran yanzu ba su da abin awo. Shi ne wannan da ke rataye bayan kujerata, wanda kuke zato na rufe fura ne. Ban sake zuwa saka filasma ba tare da shi a jaka ba. A duk kayan aikina, shi kaɗai ne bai taɓa neman batir ba.